Gyaran Kwalejojin 'Yan Sanda: Wane Irin Filin Horo Nijeriya Ke Buƙata?

A ranar 26 ga Nuwamba, 2025, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan tsaro a faɗin ƙasar nan, kwanaki kaɗan bayan sace ɗalibai a Maga ta Jihar Kebbi da Papiri ta Jihar Neja, da harin da aka kai wa masu ibada a wata majami'a a Eruku ta Jihar Kwara. Cikin matakan da ya sanar akwai ɗaukar ƙarin 'yan sanda 20,000, abin da zai kai adadin sabbin da za a ɗauka zuwa 50,000. Ya kuma ba rundunar izinin amfani da sansanonin masu yi wa ƙasa hidima wajen horar da su, sannan ya umarci a sake horar da jami'an da aka janye daga gadin manyan mutane kafin a tura su yankunan da ke fama da rashin tsaro.

Ba da izinin aron sansanonin amincewa ce a fakaice cewa kwalejojin rundunar, a halin da suke ciki, ba za su iya ɗaukar wannan nauyi ba. Tun kafin sanarwar, Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ke jagoranta, ta kafa kwamiti ƙarƙashin Gwamnan Jihar Inugu, Peter Mbah, domin ya duba cibiyoyin horar da jami'an tsaro, ya ba da shawarar yadda za a farfaɗo da su. Daga bisani majalisar ta amince a kashe naira biliyan 100 a kan aikin.

Irin wannan dama ba kasafai take zuwa ba, don haka ya dace a tambaya tun da wuri: me za a gina da kuɗin? Idan al'ada aka bi, za a sauya rufi, a shafa fenti, a sayo gadaje, a haƙa rijiyoyin burtsatse, a ɗaga katanga. Duk waɗannan ana buƙatarsu. Sai dai akwai wani gini da ba a cika ambata ba, alhali shi ne ya fi shafar talakan da zai yi ido huɗu da sabon ɗan sanda a kan titi. Wannan gini shi ne wurin da kurtu zai gwada aikin da ke jiransa, ya yi kuskure, a gyara masa, tun kuskuren bai ci ran kowa ba.

Darasin Ikeja

A watan Janairun 2013, gidan talabijin na Channels ya nuna wa duniya halin da Kwalejin 'Yan Sanda ta Ikeja ke ciki. An ga rufin da ya ɓurme, da ɗakunan kwana marasa tagogi, da banɗakunan da suka toshe, da abincin da ba ya isar ɗalibai. Kwalejin da aka gina domin mutum 700 an cusa mata sama da 2,500. Kwanaki kaɗan bayan nuna rahoton, Shugaban Ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, ya kai ziyarar bazata domin ya gane wa idonsa. An yi gyare-gyare, hayaniya ta lafa. Bayan shekara 12, ga ƙasar ta sake komawa kan maganar ruɓewar makarantun horar da jami'an tsaro.

Babu mai musun cewa walwalar kurtu tana cikin horonsa. Wanda aka kwantar a ƙasa wata shida, aka ciyar da shi abin da bai ƙoshi ba, ya koyi wani darasi game da darajar ɗan Adam, kuma da wannan darasin zai fito titi. Amma ko da an mayar da kowane ɗakin kwana sabo fil, fasalin makarantar zai ci gaba da tsayawa a kan abu uku: filin fareti, da aji, da filin harbi.

Wannan fasali gado ne. Aikin ɗan sanda na zamani a ƙasar nan ya faro daga 'yan dakarun da Turawa suka kafa a Legas bayan 1861, waɗanda zuwa 1879 suka zama runduna mai ɗauke da makamai da ake kira da sunan Hausawa, kafin a haɗe rundunonin Arewa da Kudu a 1930. An kafa su ne domin tabbatar da ikon gwamnatin mallaka, shi ya sa makarantunsu suka ɗauko siffar bariki. A filin fareti ana koyon ɗa'a da bin umarni. A aji ana haddace sassan doka. A filin harbi ana koyon saiti a kan allon da ba ya motsi, ba ya magana, ba ya kuka. Babu ɗaya daga cikin wuraren nan uku da ke koya wa matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai abin da zai yi da ƙarfe goma na dare, sa'ad da ya ɗaga wa direba hannu direban ya ƙi tsayawa.

Inda ake yin ɓarnar

A ranar Kirsimetin 2022, wani jami'in ɗan sanda ya harbe wata lauya mai juna biyu a cikin motar iyalinta a wurin binciken ababen hawa a Ajah ta Legas. A watan Oktoban 2023 babbar kotun jihar ta yanke masa hukuncin kisa. Kafin wannan, a watan Yunin 2005, 'yan sanda sun kashe matasa shida a Abuja, a lamarin da aka fi sani da kisan Apo, kuma sai a 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikin waɗanda aka gurfanar hukuncin kisa. Zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, wadda ta kai ga rushe sashen yaƙi da fashi da makami, daga irin waɗannan gamuwa na kan titi da na caji ofis ta samo tushe.

Ba kowace ɓarna ce horo zai magance ba. Wanda ya yi kisa da gangan ko ya rufa wa mai kisa asiri, kotu ce maganinsa. Amma 'yan Nijeriya sun saba da jin bayanin nan cewa harsashi ne ya kuɓuce, kuma harsashi ba ya kuɓucewa sai yatsa yana kan kunama, bakin bindiga yana kallon mutum. Waɗannan ɗabi'u ne na jiki, kuma tsoro da fushi da gajiya ne ke fito da su. Haka nan ta ɗaya gefen, 'yan sanda da yawa sun rasa rayukansu a shingayen bincike da ofisoshinsu a Kudu maso Gabas, da kwanton ɓauna a hanyoyin Arewa. Inda jami'i ya tsaya, da inda ya ajiye mota, da wanda ke kare bayansa, su kan raba tsakanin mai komawa gida da wanda za a kai gawarsa.

Masana sun auna abin da firgici ke yi wa ɗan sanda. A ƙasar Holan, Raoul Oudejans da Arne Nieuwenhuys sun gwada jami'ai a yanayi biyu: a na farko abokin karawarsu ba ya ramawa, a na biyu yana harbinsu da harsashin kwaikwayo mai launi, wanda ke da zafi amma ba ya kisa. Saitin jami'an ya ragu ƙwarai a yanayi na biyu. Waɗanda aka yi ta horarwa a cikin wannan matsi kuwa, sun riƙe ƙwarewarsu fiye da waɗanda suka yi atisaye cikin kwanciyar hankali. Ma'anar wannan a fili take: abin da mutum ya koya cikin natsuwa ba lalle ya zo masa ba sa'ad da zuciyarsa ke bugawa, sai fa in ya saba aiki da shi a cikin bugun zuciyar.

Abin da wasu suka gina

Wannan fahimta ce ta sa wasu ƙasashe suka koma gina garuruwan kwaikwayo. Tun 1987 hukumar FBI ta Amurka take da wani ƙaramin gari mai suna Hogan's Alley a makarantarta da ke Quantico a Jihar Bajiniya, wanda aka tsara da taimakon masu gina dandalin fina-finan Hollywood. Akwai banki da gidan waya da otal da shagon aski da wurin wanki. Ana ɗauko 'yan wasa su fito a matsayin 'yan fashi da shaidu da masu wucewa, ana kuma harbi da harsashin fenti. Jami'an hukumar kan yi raha cewa babu bankin da ake yi wa fashi a Amurka kamar na wannan gari.

A Ingila, rundunar 'yan sandan Landan ta buɗe cibiyarta ta Gravesend a 2003, mai tituna da shaguna da gidaje da wani sashe na filin ƙwallo da taragon jirgin ƙasa. A can ake jifan jami'ai da kwalaben fetur masu cin wuta, domin su saba riƙe sahu a cikin tarzoma ba tare da sun ɗimauce ba. Abin lura a misalan biyu shi ne kowace ƙasa titunanta ta kwaikwaya. Landan ta gina filin ƙwallo saboda ta san rikicin 'yan kallo, FBI ta gina banki saboda fashin banki yana cikin laifuffukan da take bincike.

Misali na uku ba na gini ba ne, na abin da ake yi a cikin ginin ne. A birnin Louisville na Amurka an horar da 'yan sanda a 2019 kan wani tsari na lallashi da kwantar da hankali, wanda aka aro wasu dabarunsa daga Sikotlan, inda akasarin 'yan sanda ba sa riƙe bindiga. Horon ya ƙunshi wasan kwaikwayo, inda jami'i ke fuskantar mutumin da hankalinsa ya tashi, yana riƙe da wuƙa ko sanda. Masu bincike na Jami'ar Cincinnati, ƙarƙashin Robin Engel, sun gano cewa bayan horon amfani da ƙarfi ya ragu da kashi 28 cikin 100, raunin da ake ji wa jama'a ya ragu da kashi 26, na 'yan sandan kansu kuma da kashi 36. Wato magana mai kyau da ja da baya taku biyu sun kare jami'in ma fiye da yadda suka kare wanda ake son kamawa.

Garin kwaikwayo irin namu

Idan Nijeriya za ta gina irin wannan wuri, titi ya kamata ta fara ginawa. Ɗan guntun titi mai kwana da ramuka, babu fitila, da shinge irin wanda ake gani daga Abuja zuwa Lakwaja. A bi ta kansa da motar haya cike da fasinja, da A Daidaita Sahu, da babur mai goyon biyu, da babbar mota. A sa direban da zai dunƙule kuɗi a hannu, da mai muƙamin da zai tambayi kurtu ko ya san da wa yake magana, da magidancin da ya ɗauko matarsa tana naƙuda, da wanda zai taka mota ya wuce. A wani zubin a sa malami ya fito a matsayin babban jami'in da ya karɓi na goro, a ga ko kurtun zai iya buɗe baki. A yi atisayen da rana tsaka, a maimaita shi da dare, a cikin ruwan sama da ƙurar hunturu. Umarnin rundunar mai lamba 237, wanda ya tsara amfani da makami kuma aka yi masa garambawul a 2019, a kan wannan titi ne zai tashi daga takarda ya shiga hannu.

Na biyu shi ne caji ofis cikakke, mai kanta da littafin shigar da ƙara da ɗakin tsare mutane da ɗakin ɗaukar jawabi. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, ta ba wanda ake tuhuma damar yin jawabi a gaban lauyansa, ta kuma buɗe ƙofar naɗar iƙirarinsa a bidiyo. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga mai azabtar da wanda ke tsare. Kurtun da bai taɓa zama gaban kyamara ya yi wa mai taurin kai tambayoyi awa guda ba tare da ya ɗaga hannu ba, zai isa ofishinsa na farko ya koyi hanyar da ya tarar ana bi. A nan kuma zai koyi karɓar uwar da ta kawo 'yarta da aka yi wa fyaɗe ba tare da ya yi mata tambayoyi a gaban cunkoson kanta ba, ya kuma saba ba da beli ba tare da ya miƙa hannu ba.

Na uku gida ne, kuma gidajen ƙasar nan iri-iri ne. Akwai gidan Bahaushe mai zaure da soro da tsakar gida, akwai gidan haya na Legas mai ɗakuna suna kallon juna, akwai ruga, akwai bukkokin bakin ruwa a Neja Dalta. Dokar 2015 ta yi wani tanadi da ya kamata a gina masa ɗaki na musamman: idan wanda ake nema ya shige gidan da macen da ba ta fita bainar jama'a take ciki, bisa al'ada ko addini, dole mai kamen ya sanar da ita, ya ba ta damar kaucewa kafin ya shiga. Dokar ta kuma ce jinsi ɗaya ke binciken jikin juna. Tun da rundunar ta tarayya ce, ɗan Ribas kan sami kansa a Katsina, ɗan Katsina a Ribas. Gara ya fara sanin ma'anar sallama a zaure a makaranta, da ya san ta ranar da unguwa ta taso masa.

Na huɗu kasuwa da tasha, masu rumfuna da lunguna da hayaniya. A nan za a gwada abin da ɗan sanda zai yi idan aka yi ihun ɓarawo, jama'a suka taru da taya da fetur, shi kuwa daga shi sai abokin aikinsa. Kisan matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris 2025 ya tuna wa ƙasa yadda taron da ya fusata ke yanke hukunci cikin 'yan mintuna. Ƙwace mutum daga hannun taro fasaha ce da ake koya: wa za a fara yi wa magana, ina za a sa mota, yaushe za a nemi ɗauki. A gefen kasuwar a gina ƙaramar kotu, inda kurtu zai tsaya ya ba da shaida kan kamen da ya yi jiya, lauya ya yi masa tambayoyin ƙure, domin ya ga yadda sakaci wajen adana shaida ke sakin mai laifi.

Na ƙarshe shi ne daji. Rundunar kwantar da tarzoma tana da makarantu a Gwoza da Ila-Orangun da tsaunukan Ende a Jihar Nasarawa, amma yanzu ɗan sanda na gama-gari ma yana aiki a ƙauyukan da 'yan bindiga ke kai wa hari. Yana buƙatar sanin yadda ake fita daga motar da aka yi wa kwanton ɓauna, da yadda ake tsayar da jini a jikin abokin aikin da aka harba kafin a kai asibitin da ke nesa.

Mutanen da za su rayar da ginin

Bango ba ya koyar da kowa. Garin kwaikwayo yana aiki ne da 'yan wasa, kuma a nan Nijeriya ba ta da talauci. Masu gina dandali da 'yan wasan Kannywood da Nollywood sun san yadda ake mayar da fili kasuwa cikin kwana biyu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Jos suna da sassan wasan kwaikwayo, kuma Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa tana Jos. Amfanin ɗauko 'yan wasa daga waje shi ne ba sa tunani irin na ɗan sanda. Idan kurtu ne ya fito a matsayin direba, zai sauƙaƙa wa ɗan'uwansa. 'Yar kasuwa ta gaske kuwa za ta yi masa tsiwar da zai tarar a titi, cikin harshen da watakila ba ya ji sosai.

Sai malamai. An daɗe ana kukan cewa jami'ai da yawa suna ɗaukar turawa makarantar horo a matsayin hukunci. Muddin haka ta ɗore, ko an gina Quantico a Wudil ba za ta haifar da ɗa mai ido ba. Malamin irin wannan fili sai ya iya tsara labarin atisaye, ya san lokacin da zai tsayar da shi, sannan ya zauna da kurtu gaban bidiyo su bi abin da ya faru daki-daki: ina yatsanka yake a nan, me ya sa ka matso kusa haka, me ka ji ya ce. A wannan zama ne ake yin rabin koyon. Ya kamata koyarwa ta zama matakin ƙarin girma, mai alawus da ake biya a kan kari.

Labaran atisayen ma ba sai an ƙirƙiro su ba. Kwamitocin binciken da jihohi suka kafa bayan EndSARS sun saurari ɗimbin koke-koke. Sashen karɓar ƙorafi na rundunar, wanda aka kafa a 2015, da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, duk suna da fayiloli. Kowane fayil darasi ne da aka riga aka biya kuɗinsa da hawayen wani. A cire sunaye, a mayar da shi atisaye.

Haɗurran da ke tattare da shi

Kwaikwayon gaskiya yana da nasa haɗari. A 2016, a garin Punta Gorda na Jihar Fulorida, wani ɗan sanda ya kashe wata dattijuwa mai shekara 73 da ta fito a wasan kwaikwayon da aka shirya wa jama'ar gari, saboda bindigarsa na ɗauke da harsashi na gaske. Don haka tsarin ginin kansa sai ya hana aukuwar irin wannan: ƙofar shiga ɗaya, wurin ajiye makamai a waje, bincike fiye da sau ɗaya, da bindigogin atisaye masu launi dabam waɗanda ba sa karɓar harsashi mai kisa. Filin harbi na gaske ya kasance a wani wuri nesa.

Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa. Idan kowane atisaye da harbi yake ƙarewa, kurtu zai fita da imanin cewa kowace mota makami ta ɗauko. Akasarin mutanen da ɗan sanda ke tsayarwa masu neman abinci ne, don haka akasarin atisayen ma ya kamata ya ƙare da duba takarda da sallama, a kuma ba da maki ga wanda ya warware rikici da baki. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da ƙarfi da makami, waɗanda aka amince da su a Habana a 1990, sun nemi a ba da muhimmanci na musamman ga lallashi da sasantawa da fahimtar halayyar taro wajen horar da jami'ai.

Na uku shi ne yardar jama'a. Birnin Atlanta na Amurka ya gina cibiyar horo a kan eka 85, mai ɗauke da titunan kwaikwayo, wadda aka ƙiyasta za ta ci dala miliyan 90 amma kuɗinta ya haura miliyan 110. Masu adawa sun ɗauke ta a matsayin makarantar murƙushe jama'a, aka shafe shekaru ana zanga-zanga, har 'yan sanda suka harbe wani mai fafutuka a Janairun 2023, kafin a buɗe ta a 2025. A ƙasar da har yanzu ake jin raɗaɗin 2020, hikima ce a gayyato lauyoyi da ƙungiyoyin direbobi da 'yan kasuwa da malaman addini su ga zanen tun yana takarda, su kuma riƙa zuwa kallon atisaye.

Wurin da za a gina ma abin dubawa ne. Tsaunukan Gwoza sun dace da horon 'yan kwantar da tarzoma, amma a watan Agustan 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye makarantar, aka nemi gomman jami'ai aka rasa. Makarantar da ke ajiye makamai da ɗaruruwan matasan da ba su gama koyon riƙe su ba tana buƙatar tsaron da ya dace da barazanar yankinta.

Kuɗi da ɗorewa

Wani lissafi mai sauƙi zai nuna girman aikin. A ɗauka titin kwaikwayo ɗaya yana karɓar kurata huɗu duk rabin awa, awa takwas a yini. Mutum 64 ke nan a rana. Kwalejin da ke da ɗalibai 2,500 za ta shafe kusan kwana 40 kafin kowa ya tsaya a shingen sau ɗaya tak, alhali ɗabi'a ba ta zama a jiki sai da maimaici. Wannan ya nuna cewa katafaren gari guda a Abuja, wanda za a yanke wa kintinkiri a nuna a talabijin, ba zai yi wa mutum 50,000 komai ba. Abin da zai yi aiki shi ne ƙananan filaye masu yawa a kowace kwaleji, daga Ikeja da Kaduna da Maiduguri da Oji River har zuwa makarantar manyan jami'ai ta Wudil, da kuma babbar cibiya a kowace shiyya domin sake horar da waɗanda suka daɗe a aiki.

Ba sai da marmara ba. Tsofaffin kwantenoni da bulo da kwano da katako sun isa, kuma bangon da ake iya matsarwa ya fi na siminti amfani, domin ɗalibai kan haddace lungu idan bai sauya ba. Ko a sansanin masu yi wa ƙasa hidima ana iya kafa shinge da kanta da ɗakin jawabi cikin mako guda, da tsofaffin motoci da ganguna da kyamarar waya. Na'urorin kwamfuta masu nuna yanayin harbi a allo suna da amfani, amma suna son wuta mai ɗorewa da kayan gyara daga waje, kuma ɗakunan gwamnati da dama sun zama maƙabartar irin waɗannan injina. A fara da abin da kafinta da mai walda na gari za su iya gyarawa.

Abin da ya kayar da gyaran da aka yi a baya shi ne rashin kuɗin kulawa. Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda, wanda aka kafa da dokar 2019, horo da sake horo suna cikin manyan dalilan kafa shi. Ya dace kuɗin 'yan wasa da harsashin fenti da man motocin atisaye da gyaran filayen su sami gurbi tsayayye a kasafin kowace shekara, domin ranar da aka daina biyan waɗannan, garin kwaikwayo ya zama kango.

Sa'ad da lokacin ba da rahoton yadda aka kashe naira biliyan 100 ya zo, za a lissafo ɗakunan kwanan da aka gyara da gadajen da aka sayo, kuma ya kamata a lissafo su. Amma majalisa da 'yan jarida da iyayen kuratan suna da wasu tambayoyin da suka cancanci amsa da alƙaluma: sau nawa kowane kurtu ya tsayar da mota da dare kafin a yaye shi, sau nawa ya ɗauki jawabi a gaban kyamara, kuma mutum nawa aka hana bindiga saboda sun kāsa a filin gwaji. Direban da sabon ɗan sanda zai ɗaga wa hannu a makonsa na farko a bakin aiki yana da haƙƙin kada ya zama mutum na farko da jami'in ya taɓa gwada tsayarwa.